Tsamiyar Iya

Idan ka taɓa shan mangwaro mai aure a wani lambu tsakanin Rano da Kibiya, irin wanda ake yankawa da wuƙa ba a tsotsa, to da wuya idan ba hannun Ishaya ne ya haɗa bishiyar ba. Mutumin Gidan Tanko ne, wani ɗan ƙauyen Hausawa Kirista a bayan Saji, gidaje kaɗan da majami'a ɗaya mai rufin kwano. Dogo ne siriri, ba ya dariya sai da dalili. Kayan aikinsa duka aljihu ɗaya ke ɗauke su: 'yar wuƙa wadda ko matarsa Jummai ba ta isa ta yanka albasa da ita ba, da ƙunshin leda da aka yayyanka siri-siri.

Aikin kuwa ga yadda yake. Zai samu ɗan mangwaron gida, irin mai ƙaton ƙwallo da zare mai shiga haƙori, ya fille masa kai, ya tsaga, ya feƙe reshen mai kyau ya cusa a tsagar, ya naɗe da leda tam. Bayan 'yan makonni ya dawo ya duba. In ya kama, sai ya bi gindin yana karye duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin, don in aka bar shi, shi zai shanye ruwan, bishiya ta koma gidan jiya. Alhazan Rano har gida suke aiko masa da babur. Malam Shitu na Madachi, wanda ya fi kowa daɗewa da shi, yakan ce ko sandar makiyayi Ishaya ya ɗaura wa reshe sai ta yi 'ya'ya.

Amma abin da ya fito da sunansa a ikilisiya ba wuƙar ba ce, bakinsa ne. Fasto ɗaya ke zagaya ƙauyukan wajen, ranar da bai zo ba Ishaya ake miƙa wa jagorancin sujada, wato ibadar Lahadi. Shi kuwa bai yi makarantar fastoci ba. Itatuwa ya sani, da su yake wa'azi.

"Ku dubi gawo," zai ce. "Da damina kowa ya yi kore, shi yana tsaye tsirara kamar an yi masa baki. Sai rani ya ƙone kowa sannan ya fito da ganye, shanu da awaki su taru a gindinsa. Mai bi ke nan. Ba a sanin bangaskiyarsa sai ruwa ya ɗauke."

Wata rana bishiyar kuka ce, wadda ake ɓare wa jiki a tufka igiya, badi ta rufe ciwon ta sake bayarwa, ya ce gafara ke nan. Wata rana zogale, da ake karyawa a soka a ko'ina ya kama. Wanda ya fi so dai shi ne na sana'arsa. "Mu duka mangwaron gida ne. Kakanninmu Maguzawa ne, ba abin ɓoyewa ba ne. Almasihu ne reshen da aka ɗaura mana, kuma ba a ɗaurawa sai an yanka." Mata su ce amin, tsofaffi su gyaɗa kai. Kai, mutumin nan ya iya magana, wannan kam ba za a ƙwace masa ba.

To, amma a bayan gidansa akwai wata tsohuwar tsamiya, a gindin tsamiyar kuma akwai Iya.

Iya ita ta haife shi, ita ce kuma ta ƙarshe a Gidan Tanko da ba ta shiga majami'a ba, ba ta kuma shiga masallaci ba. Mijinta ya karɓi baftisma kafin ya rasu, ƙannenta sun musulunta sun koma Kibiya, ita ta zauna a kan abin da ta taras. Yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Da hantsi za ta lallaba da sandarta zuwa gindin tsamiya, ta shimfiɗa tabarma, ta wuni tana ɓarar gyaɗa tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai hira da mutane. In an yi sabon hatsi ta dama fura ta zuba a gindin kafin kowa ya sha. Wani lokaci giya. Shekara-shekara kuma jan zakara. Duk duniya Ishaya ake ce masa, ita kaɗai ke kiransa Abarshi, sunan da ta sa masa don ya zo bayan 'ya'yan da ba su zauna ba.

Kada a yi masa ƙarya, yana son uwarsa. Shi ke yanke mata farce. In ya dawo daga Rano da tsire, ita ake fara kai wa. Son ne ma ke cin sa a ciki: tsohuwa ta yi nisa, in ta tafi a haka, a ganinsa ya rabu da ita ke nan har abada. Ya roƙa, ya yi azumi, ya kawo fasto. Zumuntar mata sun zo da tulunan kiɗansu sun yi mata waƙa, ta tafa musu, ta cika musu ƙwarya da gyaɗa, ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Ku yi naku, ni ma ina nawa." Fasto ya ce masa ya yi haƙuri ya ci gaba da addu'a, zuciyar mutum ba a ɓalle ta da ƙarfi. Ishaya ya ce to, a baki.

Wata Lahadi ya yi wa'azin toho, wato tsofaffin al'adu da ke fitowa a ƙasan ɗauri su shanye ruwan bangaskiya, ya ce a karye su tun suna ƙanana. An tashi ana gaisawa a inuwar darbejiya, sai Barnaba, wani dattijon ikilisiya mai kaifin baki, ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam Ishaya, wa'azi ya yi daɗi. Abu ɗaya ne ban gane ba. Mai gyaran itacen Alhazai, tohon bayan gidansa wa zai karye masa?"

Aka yi dariya. Ba ma wata dariya mai yawa ba ce, amma a lokacin ana maganar ƙara dattijo a ikilisiya, sunan Ishaya kuma yana ciki. Ya koma gida bai ci abinci ba. Daga ranar tsoron rasa uwa da girman kai suka cakuɗe a cikinsa, har shi kansa ba ya iya rabe wanne ne wanne.

Ya zauna ya yi lissafinsa. Tsamiyar nan ce ke riƙe da Iya. In ta mutu, tsohuwa za ta gane abin da take dogara da shi itace ne kawai, sai ta zo. Sarewa ba za ta yiwu ba. Duk Kiristancin mutanen Gidan Tanko ba wanda zai yarda ya ɗora gatari a kan tsamiyar da ake zuba wa jini, kuma faɗuwarta ko kurma sai ya ji. Amma wanda ya san yadda ake raya itace ya san yadda ake kashe shi ba tare da ganye ɗaya ya motsa ba.

Ana cikin bazara aka yi shela masu duba ido kyauta sun zo Kibiya. Iya ta ce ba ta zuwa. Ishaya ya durƙusa gabanta ya ce, "Iya, ki daure ki je, ko Allah zai sa ki sake ganin fuskata." Wannan maganar ce ta tashe ta. Ya kira mai babur, ya sa Jummai ta raka ta.

Ƙarar babur na yin nisa ya ɗauko fartanya da gizago. Ya naɗe tabarmar, ya tone ƙasar gindin har inda saiwa ta fara rabuwa. Ya durƙusa ya yi addu'a. Ka ji fa, addu'a! Sannan ya zagaye gindin da sara biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tazarar tafin hannu, ya ɓare ɓawon da ke tsakani. Bai tsaya nan ba. Ya zaro wuƙar sana'arsa ya bi santsin nan da ke manne da itace, wanda da shi ciwo ke warkewa, ya kankare shi tas, don ya san tsamiya da taurin rai. Ya mayar da ƙasa ya daddanne, ya watsa ɓawon gyaɗar Iya a kai, ya shimfiɗa tabarma yadda ta bar ta. Ɓawon da ya cire ya kai murhu ya ƙone.

Da la'asar suka dawo. An ce sai an yi mata aiki a Kano, ta ce ita ba mai kawo wuƙa kusa da ita. Ta lallaba zuwa wurinta, ta zauna, ta shafa ƙasa ta ji ta sumul.

"Abarshi, kai ka gyara min wurin?"

"Ni ne, Iya."

"Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Itacen da aka yi wa haka ba ya mutuwa nan take, nan muguntar take. Ruwa ta cikin itace yake hawa, abincin da ganye ke haɗawa kuwa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka. An yanke hanyar saukowa, ta hawa tana nan. Saiwa za ta ci gaba da tura ruwa sama, ba abin da ke sauko mata, har ta cinye ajiyarta ta mutu da yunwa. A sama kuwa abinci ya rasa inda za shi sai ya taru a rassa. Shi ya sa a shekarar tsamiyar ta yi 'ya'yan da ba ta taɓa yi ba, rassa har suna sunkuyowa. Iya ta miƙa hannu tana shafa su tana dariya da dasashi, tana cewa, "Sun ji daɗi bana. Kai, bana sun ji daɗi." Bai tambaye ta su wa ba. Da aka kaɗe ta sa Jummai ta jiƙa, ita da kanta ta dama kunun tsamiya ta kira shi. Ya sha, ta ce ya ƙara, ya ƙara.

Lahadin makon ya hau bagadin majami'a ya yi wa'azin itacen da ke cike da 'ya'ya alhali ya riga ya mutu a gindi, ya ce kowa ya binciki kansa. An ce bai taɓa wa'azi kamar na ranar ba, har wata mata ta yi kuka. Tir da wannan iya magana.

Ruwa ya sake sauka, duniya ta yi kore. Tsamiya ta fito da ɗan ganye ƙanana, ya yi rawaya, ya fara zuba a tsakiyar damina. Iya ba ta gani, amma ƙoƙon kanta ya gaya mata.

"Jummai, 'yar nan, rana ce ta sauko, ko ni ce na kauce wa inuwa?"

"Ganyen ne ke zuba, Iya."

Ranar da Ishaya yake jira ke nan. Ya zo ya tsuguna kusa da ita, ya tausasa murya. "Iya, kin gani ko? Abin da kike dogara da shi yana mutuwa. Wanda nake kiranki gare shi ya mutu ya tashi, ba ya sake mutuwa."

Ba ta yi masa gardama ba, ba ma shi take saurare ba. Ta dafa jikin itacen ta ce, "Me na yi? Ni ce na yi laifi?" Ta yanka jan zakara. Ganye bai daina zuba ba. Ta sa aka yanka akuyarta guda ɗaya da take da ita. Ta rage cin abinci, ta wuni cikin rana tana lallashin busasshen itace, wuyanta ya zama kamar na kaza. Ishaya yana gani, amma sai ya ce wa kansa ai ba a ɗaurawa sai an yanka. Jummai, da ba ta san komai ba, ta ce masa, "Haba Baban Tabita, kai da ka san itace, ka duba mata mana. Tsohuwar nan za ta kashe kanta." Ya kau da kai ya ce, "Tsufa ne. Ko kuma gara."

Da bakinsa ya tona kansa. Iya ta ji an ce gara, ita kuwa ta san maganin gara: a tone gindi a zuba toka. Washegari Ishaya ya tafi lambun Malam Shitu, ta sa Jummai ta ɗebo toka a kwando, ta durƙusa tana tona da hannu. Ya dawo da azahar ya zagayo bayan gida ya same su. Jummai na tsaye riƙe da kwando. Iya kuwa tana rarrafe tana zagaya gindin, yatsunta na bin bakin yankan, na sama da na ƙasa. Ba ta yi sauri ba. Sai da ta dawo inda ta fara sannan ta zauna.

"Gara ba ta yanka a miƙe," ta ce. Ta juyo da fararen idanunta wajen da ta ji takunsa. "Wannan hannun ya iya aiki. Na san shi, ni na haife shi."

"Iya..."

"Zo nan." Ta dafa ƙasa a gefenta. "Nan Nomau yake. Nan Kande. Nan wata ce da ba ta kai suna ba. Can wajen saiwar nan Tunau, shi har ya fara tafiya, yana bi na rijiya. A zamaninmu bayan ɗaki ake sa jariri, kuma ba a bari ki yi kuka. Da na samu cikinka nan na zo na roƙi mai wannan itace ya bar min ɗaya. Ya bar min kai. Cibiyarka da mabiyiyarka ma suna nan ƙasa tare da su. Furar da kake ƙyama, nonon da ban gama ba su ba ne."

Ya san an haifi wasu kafin shi, kowa ya sani. Amma ya yi furfura a gidan nan bai taɓa tambayar inda aka sa su ba. Ya san sunan kowane irin mangwaro daga nan har Kano, bai san sunan yayyensa ba. Ya durƙusa a gabanta.

"Iya, don ranki na yi. Tsoro nake kada ki tafi ban..."

"Na ji," ta ce. Ta ɗaga fuska sama inda inuwa take a da. "Rana ta yi musu yawa yanzu. Jummai, ba ni hannunki."

Jummai ta kai ta ɗaki, ta dawo ta same shi inda ta bar shi. Shekarunsu tare ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ta ɗaga.

"Ni ka sa na ɗauke ta? Ni ka mayar abin aikinka? Ka sha kunun nan ina kallonka, har da ƙari!"

"Ubangiji ma ai ya la'anci ɓaure ya bushe," ya ce.

"Ɓauren inuwar uwarsa ce? Yesun da kake faɗa a kan itace aka rataye shi, yana can sama yana neman wanda zai riƙe masa uwa. Kai kuma ga abin da ka yi da taka. Kada ka sake sa sunansa a wannan aikin."

Ranar Lahadi Iya ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta fito tsakar gida ta ce, "A kai ni." Da ta shiga majami'a riƙe da hannun Jummai, wurin ya ɗauki guɗa. Mata suka rungume ta suna hawaye. Barnaba ya zo ya kama hannun Ishaya da hannu biyu ya ce ya yafe masa maganar da ya yi. Fasto ya ce ɗanta ya tashi ya ba da shaida. Da ya zauna ya yi shiru ma da an ce farin ciki ne ya rufe masa baki. Ina! Ya miƙe ya ce Ubangiji da hannunsa ya busar da itacen tsafi, ya fisshe da uwarsa daga gindinsa. Aka tafa. Jummai ta sunkuyar da kai ba ta ɗago ba har aka tashi. Kafin kaka aka naɗa shi dattijo, bayan girbi aka yi wa Iya baftisma. Duk abin da fasto ya tambaye ta ta amsa daidai. Abin da ke zuciyarta kuwa ni ba zan yanke ba, wanda ya yi ta shi ya sani.

Abin da aka sani shi ne, tun ranar tokar nan Ishaya bai sake jin sunansa a bakinta ba. Da safe in ya shiga gaishe ta, kafin ya durƙusa ta riga ta sauko daga gado ta durƙusa masa.

"Ina kwananku, Malam? Kun tashi lafiya? Ya iyali?"

Uwar da ta yi masa tsarki, tana ce masa ku! Ya kawo tsire, ta karɓa da hannu biyu ta ce an gode Allah ya saka, ta ajiye har ya sandare. Ya zo da reza zai yanke mata farce, ta ce kada Malam ya wahala, Jummai za ta yi. Ba ta zage shi ba, ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba. Ta wuni a ɗaki fuskarta a bango, ba gyaɗa, ba hira. Wata rana abin ya fi ƙarfinsa, ya kama ƙafafunta yana kuka kamar yaro.

"Iya, ki zage ni. Ki tsine min ma na yarda. Ki ce Abarshi ko sau ɗaya."

Ta janye ƙafarta a hankali. "Ai wannan yana gindin tsamiya da 'yan'uwansa, Malam."

Akwai wata dabara da masu sana'arsa suka sani. In akuya ta cinye ɓawon bishiya ta zagaye, akan yanko 'yan rassa ɗanyu a soka su sama da ciwon da ƙasansa, su zama gada abinci ya bi ya sauka. Ya tafi Madachi neman rassan ƙaramar tsamiya a lambun Malam Shitu. Malam Shitu ya tambaye shi na mene ne, ya ce wata bishiya ce aka zagaye.

"Tun yaushe?"

"Bara waccan, da bazara."

Malam Shitu ya dube shi da mamaki. "Haba Ishaya. Ni zan gaya maka?"

Duk da haka ya yi. Ya jera rassan a kewayen gindin, ya ɗaure da leda, ya shafe da laka, yana ɗebo ruwa daga rijiya safe da yamma. Bai taɓa aiki mai kyau kamar wannan ba. Da lokacin kwancewa ya yi ya warware ledar, rassan suka zubo a hannunsa ƙayau. Saiwar ta daɗe da mutuwa, ba wanda zai karɓi abin da ake saukarwa. Ya zauna a wurin da busassun tsinkaye a hannu, ya tuna uwarsa zaune a bencin mata kowace Lahadi, ya san abin da ke riƙe da ita a can leda ce.

Da rani ya tsaya Iya ta kwanta. Ba wani ciwo, ƙarewa kawai take yi. Da ta ji abin ya zo ta kira Jummai, ba shi ba, ta ce, "'Yar nan, abu ɗaya nake roƙo. A sa ni wajen yaran nan. Sun daɗe su kaɗai." Jummai ta fito ta gaya masa kalma da kalma, ta ce, "Ga abin da ya rage maka. Ka yi mata wannan."

Ta cika da hantsi. Ishaya ya tafi wurin fasto da dattawa ya ce yana so a binne ta a bayan gida, gindin tsamiya. Suka dubi juna. Barnaba ne ya yi magana, wannan karon ba da gatse ba, da tausayi. "Ɗan'uwa, baƙin ciki ne ke magana. Kai da bakinka ka shaida Ubangiji ya fisshe ta daga wurin nan. Mu kuma mu ɗauke ta mu mayar? Me za mu ce wa yara? 'Yar ikilisiya ce, cikin 'yan'uwanta za ta kwanta."

Fasto ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Malam Ishaya, ko akwai abin da ba mu sani ba?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Magana kaɗan ce: ni na kashe itacen, ƙarya na yi, 'ya'yanta ne a wurin. Faston nan mai sauƙin kai ne, da ya ji da ya yarda. Ishaya ya buɗe baki. Ya dubi dattawan da ke tashi su ba shi kujera, ya dubi bagadin da yake hawa. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa a gaban jama'a ba ya ce, "Babu komai. Yadda kuka ce."

Aka kai ta makabartar majami'a, can hayin rafi, inda ko kan tsamiyar ba a hangowa. Jama'a ta taru sosai, danginta na Kibiya, Alhazan Rano, Malam Shitu da mutanensa suna tsaye daga gefe. Da aka rufe, fasto ya ce ɗanta ya yi wa mutane 'yar magana kamar yadda ya saba. Ya tsaya a bakin kabarin, ya ce, "Saiwa ba a ganinta. Tana ƙasa cikin duhu tana tura ruwa sama. Ko an yanke abin da ke sauko mata ba ta dainawa. Reshe yana can yana taƙama da 'ya'ya, ita tana mutuwa da yunwa, kuma ruwan bai fasa zuwa ba sai da ta ƙare." Nan maganar ta ƙare. Mutane suka ce amin, suka ce ƙaunar Almasihu ke nan, ba a taɓa kwatanta ta haka ba. Kuma gaskiyarsu ne. Shi da Jummai kaɗai suka san wanda ya riƙe wuƙar.

Tun daga hayin rafi ya fara jin kukan inji. Ya ɗaga ƙafa, ya koma gudu. Baƙi sun yi yawa, itacen girki ya ƙare, matasa suka ce ga busasshiyar tsamiya a banza, ai tun shaidar Malam Ishaya ba mai tsoronta. Suka kira Zailani mai injin yanka daga Saji. Kafin Ishaya ya iso tsamiyar ta riga ta kwanta, an faskara rassan. An jera duwatsun murhu a filin da ta bari, manyan tukwane suna tafasa daidai inda Iya ta dafa ta ce nan Kande, nan Tunau. Mata suna ta kai da kawowa a kai, suna yaba itacen, wai ba ya hayaƙi.

Ya tsaya yana kallo, ba wanda zai ce wa a daina, don ba abin da zai ce. Aka jawo shi aka zaunar a tabarmar karɓar gaisuwa. Can Jummai ta zo da kwano ta ajiye a gabansa, ta buɗe, tuwo yana tururi. Ya girgiza kai. Ta sunkuya kamar mai yi masa ta'aziyya, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Ci, Malam. Da itacenka aka dafa."